Sharhi Kan Cire Faifan Zarto Idan Ya Cije a Injin Yankan Kusurwa

Daga cikin abubuwan da ke ɗaure wa kafintoci da masu haɗa tagogin alminiyom kai, musamman waɗanda ba su daɗe da mallakar injin yankan kusurwa ba, akwai cijewar faifan zarto a ranar da aka zo sauya shi. Haƙoran faifan sun dakushe, an sayo sabo, an ɗauko sifana, sai notin da ke riƙe da tsohon ya ƙi motsi ko kaɗan. Shawarwarin da ke yawo a tsakanin masu sana'a kan wannan lamari sun saɓa wa juna, domin wani zai ce a sa guduma, wani ya ce a gasa notin da wuta, wani kuma ya ce a zuba man birki a bar shi ya kwana. Kowace daga cikinsu tana da abin da ta dogara a kai, sai dai yawancinsu suna tsallake tambayar da ya kamata a fara da ita, wato ta wane ɓangare notin yake kwancewa.

Injin da sassansa

Injin yankan kusurwa zarto ne na lantarki wanda aka ɗora faifansa a kan hannu mai sauka da tashi, ana kwantar da katako ko alminiyom a kan teburinsa, a jingina shi da wani ƙarfe miƙaƙƙe da ke baya, wanda za a kira majingini a wannan sharhi, sannan a sauko da faifan ya yanka. Teburin yana juyawa hagu da dama, shi ya sa ake iya yanka digiri 45 daidai don haɗa firam ɗin ƙofa ko taga ko hoto. Kamfanoni irin su DeWalt da Makita da Bosch suna ƙera shi a girma daban-daban, kuma faifan da aka fi samu shi ne mai faɗin inci 10, kimanin milimita 254, da mai inci 12, wato milimita 305.

Sassa biyar ne suka shafi batun cijewa. Akwai sandar da motar injin ke juyawa, wadda makanikai ke kira shaf, kuma a kanta ake zura faifan. Akwai faranti biyu na ƙarfe, na ciki da na waje, waɗanda ke matse faifan a tsakaninsu. Akwai noti mai shiga cikin ramin da ke bakin shaf, jikinsa da layin nan da ya nannaɗe shi, wanda ake kira tiredi. Akwai makullin shaf, wani maɓalli da idan aka danna shi yake tura ɗan siririn ƙarfe cikin gurbi a jikin shaf ko giyarsa don ya hana shi juyawa. Sai kuma murfin kariya mai rufe haƙoran, wanda a yawancin injuna yake tare da wani ɗan faranti da ke ɓoye kan notin, ba a kaiwa ga notin sai an sassauta ƙusarsa an ɗaga shi.

Abin lura shi ne faifan ba shi da wani haƙori ko gurbi da ke haɗa shi da shaf. Matsewar farantin nan biyu kaɗai ke jan sa, kuma da ita yake juyawa galibi sau 3,800 zuwa 5,000 a minti ɗaya, gwargwadon ƙirar injin. A faifai mai milimita 305 da ke juyawa sau 3,800 a minti, gudun haƙoran bakinsa ya haura kilomita 200 a awa, wanda ya isa ya nuna dalilin da ya sa masu ƙira suka fi tsoron noti ya kwance da kansa a kan ya yi taurin kwancewa.

Abin da ake nufi da cijewa

Kalmar cijewa tana ɗaukar yanayi uku mabambanta, kuma haɗa su wuri ɗaya yana cikin abin da ke rikita shawarwari. Na farko, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba, shi ne noti ya ƙi kwancewa. Na biyu shi ne an cire noti amma faranti ko faifan ya manne wa shaf. Na uku shi ne katako ya matse faifan ana tsakiyar yanka, ya tsayar da shi cak. Akwai ma waɗanda ke zaton injin ya cije alhali sandar kulle kai ce, wadda ake turawa don ɗaukar injin daga wuri zuwa wuri, take riƙe da hannun a ƙasa. Wannan ana ɗan danna hannun ƙasa ne a zare sandar, shi ke nan.

Tiredin hagu da dalilinsa

Kusan duk notin da hannu ya saba da shi, daga na babur zuwa na ƙofa, yana ɗaurewa idan aka murɗa shi yadda hannun agogo ke tafiya, ya kwance idan aka murɗa saɓanin haka. Notin mafi yawan injunan yankan kusurwa kuwa tiredin hagu gare shi, ma'ana an juya nannaɗewar layinsa, don haka bin hannun agogo ne ke kwance shi, saɓaninsa kuma ke ɗaure shi. Mutumin da bai san wannan ba, duk ƙarfin da ya sa da niyyar kwancewa ɗauri yake ƙarawa, kuma da zarar ya ji tauri sai ya ƙara ƙarfi, har notin da a farko yake lafiya lau ya zama cijajje na gaske.

Dalilin wannan ƙira yana cikin yadda faifan ke juyawa. Idan mutum ya tsaya a gefen hagu na injin yana fuskantar kan notin, zai ga faifan yana bin hannun agogo, haƙoran gaba suna sauka ƙasa, na ƙasa suna tura katako zuwa majingini. A lokacin da mota ta tashi da ƙarfi, nauyin faifan yana sa ya ɗan ja baya, haka ma idan haƙoran suka shiga katako mai tauri. Wannan ja da baya, wanda yake saɓanin hannun agogo ne, da zai kwance noti na gama-gari, amma ga mai tiredin hagu ɗauri yake ƙara masa. Irin wannan dabara ce a jikin fanka mai tsayuwa, wadda duk wanda ya taɓa cire fukafukanta don wankewa ya san murfin gabanta a juye yake kwancewa.

Daga nan ake fitar da ƙa'idar da ta fi haddace hagu da dama amfani: notin zarto yana kwancewa ne ta ɓangaren da faifan ke juyawa, wato inda haƙoran suka fuskanta. Ƙa'idar tana aiki a kan zarton tebur da zarton hannu mai faifai, waɗanda wasunsu tiredin dama gare su wasu na hagu, gwargwadon gefen da faifan yake a jikin mota. Kibiyar da ke jikin murfin kariya tana nuna ɓangaren juyawa, kuma kamfanoni da yawa suna zana wata kibiyar a kan notin kansa, sai dai garin katako da maiƙo kan rufe ta.

Wani ra'ayi da ya yaɗu yana cewa injin ne ke ta ƙara ɗaure notinsa a kowane yanka har ya gagari kwancewa. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba, domin a injuna da yawa an fafe gefe biyu na bakin shaf, an yi ramin farantin waje daidai da wannan siffa, ta yadda farantin ba ya iya zamewa a kan shaf balle ya ja notin. An yi haka ne musamman saboda birkin lantarki, wanda ke tsayar da shaf cikin 'yan daƙiƙu alhali faifan yana son ci gaba da juyawa, abin da ke jan noti zuwa ɓangaren kwancewa. A irin waɗannan injuna, taurin noti ya fi zama aikin hannun da ya ɗaure shi.

Sauran musabbabai

Ɗauri fiye da kima shi ne na biyu bayan kuskuren ɓangare. Sifanar da kamfani ke haɗowa da injin gajera ce da gangan, domin tsawonta ne ke iyakance ƙarfin da hannu zai iya bayarwa, kuma wanda ya zura mata bututu ya ninka tsawonta ya ninka ƙarfin murɗar ba tare da ya ji a jikinsa ba. Sai tsatsa, wadda ke samun wuri idan injin ya yi damina a rumfa mai yoyo ko ana yawan yanka ɗanyen katako da shi, saboda garin katako mai laima yana taruwa a bayan faranti ya riƙe ruwa. Ƙaron itace ma, idan zafin yanka ya narkar da shi ya gangara tsakiya, yakan daskare ya haɗe faranti da faifai. Wasu masu gyara kuma suna ɗiga wa tiredin maganin kulle noti irin na Loctite, wanda shuɗinsa yana sakin noti da sifana, jan kuwa an yi shi ne don kada ya saki sai an zafafa shi zuwa wajen digiri 250 a ma'aunin Selsiyos.

Akwai wani musabbabi da ya fi shafar ƙasashen da ake sayen injuna na hannu daga Amurka da Turai, kamar Nijeriya da Nijar. Irin waɗannan injuna kan iso ba sifanarsu, ba littafin bayaninsu, sai mai shi ya nemi abin da ya yi kusa da girman notin. Rabin inci milimita 12.7 ne, ba 13 ba, kuma rubu'in inci milimita 6.35 ne, ba 6 ba. Wannan ɗan bambanci ya isa ya sa sifana ta zame ta cinye kusurwoyin kan noti, ko alanki, wato ƙarfen nan mai lanƙwasa da gefe shida, ya sule ramin da yake shiga. Haka abin yake ga ramin faifai: na Amurka mai inci 10 raminsa kashi biyar cikin takwas na inci ne, milimita 15.88, mai inci 12 kuma inci ɗaya, milimita 25.4, alhali yawancin na Turai milimita 30 ne. Faifan da aka tura da ƙarfi a kan shaf ɗin da ya ɗan fi raminsa kauri, ko aka cike masa gurbi da zoben da bai dace ba, fitarsa ba za ta zo da sauƙi ba.

Matakan kwancewa

Kafin a taɓa komai ana zare fulogi daga bango, ko a cire batir idan injin mai batir ne, domin hannun da ke kokawa da sifana yana kusa da maɓallin tayarwa, kuma a wurin da wuta ke ɗaukewa ta dawo ba sanarwa, rashin wuta a wannan minti ba kariya ba ne. Safar hannu mai kauri tana da amfani a nan, duk da cewa ba a sa ta lokacin yanka, saboda notin da ya cije yakan saki ne farat ɗaya, hannu ya tafi kan haƙora.

Bayan an ɗaga murfin kariya, ana goge kan notin da buroshi, a tone garin katakon da ya cika ramin alanki da ƙusa ko tsinke har ƙarfen ya shige zuwa ƙarshe, domin alankin da ya shiga rabi shi ne ke sule rami. Idan notin mai kai ne na waje, soket mai gefe shida ya fi mai gefe goma sha biyu kamawa, sifana mai daidaita baki kuwa ita ce mafi munin zaɓi. Sai a juya faifan da hannu a hankali ana danna makullin shaf har a ji ya faɗa gurbinsa, a riƙe shi a danne, a murɗa notin ta ɓangaren da haƙoran suka fuskanta.

Idan bai saki ba, ana fesa man ratsa tsatsa, irin WD-40 da makamantansa, ko a ɗiga kananzir a ƙarƙashin kan notin, a ba shi lokaci. Kan notin da farantin suna rufe hanyar da man zai bi ya kai ga tiredi, don haka kwantar da injin ta yadda notin zai kalli sama yana taimakawa, kuma haƙurin awa guda ko kwana ya fi maimaita feshi amfani. Man birki, wanda makanikai suka saba da shi, yana cin fenti kuma yana iya lalata wasu robobi, alhali murfin kariya na yawancin injuna roba ne.

Mataki na gaba shi ne bugu gajere mai kaifi a ƙarshen sifana, da tafin hannu ko gudumar roba ko guntun katako. Bugun yana karya riƙon tsatsa da ƙaro fiye da dogon ja, amma a nan ne ya kamata a daina dogara da makullin shaf, a koma riƙe faifan da katako. Ana kwantar da guntun katako mai laushi a jikin majingini, a sauko da kan injin har haƙoran su nutse a cikinsa, a danne. Tsarin injin kansa yana taimakawa, domin murɗar kwancewa tana tura haƙoran ƙasa zuwa majingini, katakon kuma ba shi da inda za shi. Ƙusa ko sukundireba da ake cusawa tsakanin haƙora ba su dace ba, saboda bakin haƙoran wani ƙarfe ne mai tsananin tauri da ake kira kabayid, wanda aka liƙa da narkakken ƙarfe, kuma duk da taurinsa yana da saurin ɓarewa.

Inda ra'ayoyi suka saɓa

Saɓani na farko a kan makullin shaf ne. Masu bin littafin kamfani suna cewa don wannan aiki aka yi shi, kuma haka ne ga noti mai ɗauri na ƙa'ida. Masu gyara kuwa sun san cewa ƙarfen siriri ne, gidan da yake zaune a ciki kuma galibi zubin alminiyom ne, wanda bugun guduma ke iya tsagawa, kuma gyaran gidan giya ya fi kuɗin faifai nesa. Sai dai ita ma dabarar katako tana da iyaka: idan faifan ya soma zamewa tsakanin faranti, shaf da noti za su juya tare faifan yana tsaye, kuma a wannan hali dole a haɗa biyun, makulli a danne, katako a ƙasa.

Na biyu a kan injin kwance noti mai bugu ne, irin wanda masu faci ke cire tayar mota da shi. Masu goyon bayansa suna da hujja mai ƙarfi, wato bugunsa yana da sauri ta yadda nauyin faifai da na giya kaɗai kan isa su riƙe shaf ba sai an danna makulli ba. Haɗarinsa yana wuri biyu. Wanda ya saba ya sa shi a kan komawa baya don kwancewa, a noti mai tiredin hagu ɗaurewa zai yi da ƙarfin da ke iya tsinke notin cikin daƙiƙa. Kuma idan aka haɗa shi da makulli a danne, makullin ne zai sha bugun. Matsayin da ya fi dacewa shi ne a ajiye shi a ƙarshe, a sa mafi ƙarancin ƙarfi, a tabbatar yana bin hannun agogo, a yi taɓi gajere.

Na uku a kan wuta ne, kuma a nan hujjar masu hanawa ta fi nauyi. Zafi yana sakin tsatsa da jan maganin kulle, amma 'yan santimita kaɗan a bayan faranti akwai boris, wanda shaf ke juyawa a kansa, da giris ɗinsa da robar da ke rufe shi, a kewaye kuma akwai garin katako da man da aka riga aka fesa, waɗanda duk masu kama wuta ne. Harshen wuta yana kuma iya karkatar da faifan da aka daidaita a masana'anta. Idan an tabbata maganin kulle ne ya riƙe, ɗora bakin ƙarfen sodar lantarki a kan notin shi kaɗai ya fi hura masa wutar gas aminci.

Idan kan noti ya sule ko ya karye

Notin da kusurwoyinsa suka cinye ana iya kama shi da filaya mai kulle, ko a fafe gefensa biyu da magagari don sifana ƙarama ta samu wurin riƙo. Wanda ya karye a cikin shaf aikin mai gyara ne, kuma akwai abin da ko masu gyaran kan manta: na'urar zaro karyayyen noti da ake sayarwa a kasuwa an yi ta ne don tiredin dama, tana cizo idan aka juya ta saɓanin hannun agogo, wanda a nan ƙara tura guntun ciki zai yi. Bakin huda na gama-gari kuwa, tunda hannun agogo yake bi, wani lokaci shi kaɗai yakan kamo guntun ya fito da shi. Masu walda kan liƙa wani noti a kan guntun, dabarar da ke aiki, muddin an maƙala wayar ƙasa a jikin abin da ake liƙawa, domin wutar da ta ratsa ta cikin boris tana ɓata shi. Notin da za a musanya da shi dole ya zama na hagu mai girma iri ɗaya, tunda na dama da aka tilasta zai cinye tiredin shaf, shaf kuma shi ne sashe mai tsada.

Faifan da ya manne, da wanda katako ya riƙe

Idan noti ya fita amma farantin waje ya ƙi, ana jiƙa tsakiyar da kananzir, a riƙa bubbuga gefen farantin da katako ana juya shi, ba a zura sukundireba a ɓanɓare ba, domin ɗan tabo a fuskar faranti ya isa ya sa sabon faifai ya riƙa rawa. Shi ma faifan ana kama shi da hannu biyu a girgiza shi gaba da baya har ya zame.

Wanda katako ya matse kuwa, ana sakin maɓalli nan take, a zare fulogi, a buɗa tsagar da ɗan guntun katako mai tsini, sannan a ɗaga kan injin. Tayar da mota alhali haƙora suna cikin katako yana iya fizgar katakon ko ya ƙona motar. Abin da ya fi jawo wannan shi ne katako mai lanƙwasa da aka jingina cikinsa da majingini maimakon bayansa, sai dogon katako da ba a tallafi ƙarshensa ba, da haƙora dakusassu, da janareta da ƙarfinsa bai kai abin da motar ke ja ba.

Mayar da faifai

Yadda aka mayar da faifai shi ke ƙayyade wahalar cire shi a karo na gaba. Ana goge faranti biyun da bakin shaf har su bushe sarai, domin man da ya rage a fuskarsu zai sa faifan zamewa. Game da shafa wa tiredin mai, wasu suna ganin ɗigo ɗaya yana hana tsatsa, wasu kuma suna nuna cewa tiredi mai maiƙo yana matsewa fiye da busasshe a ƙarfin hannu iri ɗaya. A wurin da damina ke da laima, shafi siriri tare da sassauta hannu ya fi barin tiredin ya yi tsatsa. Ana zura faifan haƙoran gaba suna kallon ƙasa daidai da kibiyar murfi, bayan an duba cewa gudun da aka rubuta a jikinsa bai gaza na injin ba, a fara murɗa notin da yatsu saɓanin hannun agogo, a ƙarasa da gajerar sifana ba tare da bututu ko guduma ba. Daga nan a mayar da murfin kariya a ɗaure ƙusarsa, a tabbatar makullin shaf ya koma mazauninsa, a juya faifan da hannu zagaye ɗaya don a ji ko yana gogar wani abu, sannan a tsaya a gefe a tayar da injin na ɗan lokaci ba tare da katako ba.